Cuta da Yunwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: Kira ga Masu Bi na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A watan Agusta, sa'ad da marka ta sauka, ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa takan yi kore shar, ko'ina mutum ya duba masara ce da dawa da auduga da waken suya. Baƙon da ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya ratsa ta Sheme da 'Yankara, zai ce ai mutanen nan ba su da sauran damuwa. To amma mu da muka san zaman ƙauye mun san babu watan da ya kai wannan wuya a gidan manomi. Hatsin bara ya kai gindin rumbu, na bana bai nuna ba, ga shi kuma aikin gona ba ya jiran kowa. A daidai wannan lokaci ne kuma amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suke shigowa gari, su kwantar da magidanci ran da ya kamata a ce yana bakin huɗa.

Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa a kansa a wannan mako shi ne, cuta da yunwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, inda ɗaya ya sauka nan ɗayan yake biyo sawu. Cuta takan hana noma ta bar rumbu wayam, yunwa kuma takan karya jiki ta buɗe wa cuta ƙofa. Saboda haka tsaron jiki da tsaron rumbu aiki ɗaya ne, kuma akwai kaso babba na wannan aiki da ke hannun ikilisiya, ba sai ta jira kowa ba.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, a bakin dazuzzukan da suka haɗa ta da Zamfara da Kaduna, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa. Tun daga shekarar 1975, da aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, masara ta zama babbar sana'a a wannan yanki. Hatsin da ake auna wa a kasuwar Ɗandume, da shanun da ake kai wa kasuwar Sheme, suna ciyar da mutanen da ba su taɓa jin sunan garuruwan nan ba, daga Kano har Ikko. Wato ke nan in manomin Sabuwa ya kwanta ciwo, ba tukunyar gidansa kaɗai ce za ta ji a jika ba.

Amai da gudawa, ɓarawon damina

Bari mu fara da kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa. Ƙwayar cutar tana fita ne a cikin bayan gidan wanda ya kamu, ta shiga bakin wani ta ruwan sha ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. In an yi ba haya a bayan gari, sai ruwan sama ya kwaso ƙazantar ya zuba a kududdufi da rafi da rijiyar da ba ta da baki. Wanda ya sha, cikin kwana ɗaya zuwa biyar sai gudawa ta ɓarke masa, fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ƙato lafiyayye yana iya mutuwa tsakanin safiya da yamma.

Mun sha ganin wannan annoba a ƙasarmu. A 1991 ta kama mutum fiye da 59,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 7,600. A 2010 ta kashe fiye da 1,700. A 2021 kuma ta dawo da ƙarfinta, ta ratsa jihohi fiye da 30, Katsina na ciki, aka lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Abin takaicin shi ne, in aka ba majinyaci ruwan gishiri da sukari da wuri, aka kuma yi wa wanda ya galabaita ƙarin ruwa a asibiti, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin 100.

Akwai kuma wata asara da ba ta shiga lissafin hukuma. A ce magidanci ya kwanta mako biyu a lokacin maimai. Matarsa ta bar komai tana jinya, kuɗin da aka tanada don takin zamani ya tafi wajen magani da kuɗin mota, aka sayar da akuya, ƙarshe aka ci bashin buhu ɗaya a biya biyu da kaka. Ya tashi, mun gode Allah, amma ciyawa ta riga ta ci gonar. Ciwon mako biyu ya zama yunwar shekara guda.

Rashin tsaro ya ƙara wa borno dawaki

Ba za mu yi wannan magana mu tsallake abin da ya sami yankin nan daga hannun 'yan bindiga ba. Duniya ta ji labarin daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma mutanen Faskari ba za su manta da harin Kadisau na watan Yunin wannan shekarar ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na waɗannan ƙananan hukumomi uku, daga baya kuma aka katse layukan waya na wani lokaci. Ƙauyuka da yawa sun watse, gonaki masu nisa da gari suka koma saura, waɗansu manoma kuma sai da suka biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da guminsu.

Abin da ya haɗa wannan da batunmu a fili yake. Mutanen da suka gudo sukan cunkushe a makarantu da kangaye da gidajen dangi, mutum goma a ɗaki ɗaya, masai ɗaya ga unguwa guda. A irin wannan cunkoso ne ƙyanda da sanƙarau da mashaƙo suke yaɗuwa, domin ta numfashi suke bi. Daɗin daɗawa, ƙauyen da malamin asibiti yake tsoron shiga, allurar rigakafi ma ba ta shiga. A 2019 cutar shawara, wadda sauro ke yaɗawa, ta ɓulla a Ƙanƙara da Ɗanmusa, aka kuma yi gangamin rigakafi a faɗin jihar. Alhali allura ɗaya tak ce, ana yi wa yaro yana wata tara tare da ta ƙyanda, ta kare shi har tsufansa. Mashaƙon da ya tashi daga Kano a ƙarshen 2022 ya shigo Katsina, shi ma yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya fi kamawa.

Yara ƙanana su ne suka fi shan wuyar wannan zagaye. Yaron da ya yi ƙyanda ko gudawa yakan ƙi cin abinci ya rame, wanda ya rame kuma jikinsa ba shi da ƙarfin tare wata cutar, sai ta maimaita shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take jinyar yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar cikin watanni shida na farkon 2025. Waɗannan su ne waɗanda aka kai asibiti. Mai karatu ya tuna cewa jihar manoma muke magana a kanta.

Cutar garke da ta gona

Dabba ita ce bankin talaka, kuma cuta ba ta bar ta ba. Dattawanmu suna tuna bushiyar 1983, wadda ta bar makiyaya da yawa da sanda kawai a hannu. A Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata babbar gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, a farkon 2007 kuma ta kashe wata budurwa a Ikko. A Yulin 2023 hukuma ta tabbatar da ciwon saifa a wata gonar dabbobi kusa da Suleja. Ban da waɗannan manya, kowane hunturu annoba takan share kajin iyayenmu mata, kajin da da su ne ake sayen sabulu da littafin makaranta, da su ne kuma ake fid da baiko.

A nan akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Da zarar dabba ta fara layi, sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada a yi asara biyu, a raba naman a unguwa da araha. Haɗarin da ke ciki shi ne, waɗansu cututtukan dabba suna kama mutum. Saniya ko tunkiyar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura bai daskare ba, alamar saifa ce. Ba a feɗe ta, ba a cin ta, ko fatarta ba a ɗauka, sai a kira malamin dabbobi a binne ta da zurfi, gama ƙwayar tana iya rayuwa cikin ƙasa shekaru da yawa. Haka kazar da ta mutu da kanta, ba ta tukunya ba ce. Madara kuma a tafasa ta, domin tarin fuka da bakkale suna bin ɗanyen nono su shiga jikin mutum.

Shuka ma tana da nata annoba. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suke yaɗawa, ta lalata gonakin gyaɗa kimanin hekta 700,000 a Arewa, manoma da yawa kuma daga nan suka yi sallama da gyaɗa. A daminar 2023 'yan'uwanmu masu noman citta a Kachiya da Kagarko da Jaba sun ga yadda ruɓa ta cinye gonakinsu cikin 'yan makonni, har irin shuka ya gagara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gidan da ya dogara ga masara kaɗai, ran da cuta ta sami masara ba shi da madafa. Hikimar iyayenmu ta haɗa dawa da gero da wake da rogo a gona ɗaya ba ƙauyanci ba ce.

Ɓeran da ke cikin rumbu

Akwai kuma cutar da take shiga ta rumbun kansa, kuma tarihinta yana haɗe da tarihin ikilisiya. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu a can. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta, a 1970 kuma likita Jeanette Troup ta kamu garin binciken cutar, ta mutu a bakin aikinta. Daga sunan garin ne aka sami zazzaɓin Lassa. Ɓera ne yake ɗauke da ƙwayar, ya bar ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da gari da kwanon da aka bari a buɗe. Cutar ta fi ƙamari a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, musamman da rani, amma ɓera bai san iyakar jiha ba, yana kuwa nan a kowane rumbu. Shanya a bakin titi, da barin tuwo a buɗe ya kwana, da farautar ɓeraye don ci, duka hanyoyi ne da muke buɗe masa.

Bangaskiya ba ta hana tsabta

Mun sani akwai masu cewa Allah ne mai tsaro, wanda kwanansa ya ƙare ko an yi masa allura zai tafi. Gaskiya ne rai a hannun Ubangiji yake. Amma Ubangijin nan ne ya umarci Isra'ilawa ta bakin Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 23, su keɓe wurin ba haya a bayan zango, su haƙa rami su rufe. Shi ne kuma a Littafin Firistoci sura 13 ya sa firist ya duba mai ciwon fata, ya ware shi kwana bakwai kafin a sake dubawa. Yusufu ma, da Allah ya nuna masa yunwar da za ta zo wa Masar, tashi ya yi ya tara hatsi shekara bakwai, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka rayu ta dalilinsa. Waɗanda suka kawo mana bishara sun zo da ɗakin shan magani tare da majami'a, shaida kuwa tana nan a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, inda mishan ya yi jinyar kutare. Mu yi addu'a domin marar lafiya, mu ɗauke shi mu kai asibiti, biyun ba sa faɗa da juna. Abin da bai dace ba shi ne a ajiye mai amai da gudawa a majami'a ana ta addu'a har ruwan jikinsa ya ƙare, a kuma shafa wa sauran jama'a.

Abin da ke hannunmu

Na farko, ruwa da masai. Kowace majami'a ta zama abin koyi a ƙauyenta, da masai mai murfi nesa da rijiya, da buta da sabulu ko toka a bakinsa. Matasa su yi gayya a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a ware guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Da damina a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin. Rijiyar gari kuwa ta kowa ce, saboda haka dattawan ikilisiya su zauna da mai unguwa da liman a yi shawara tare, gama kwalara ba ta tambayar sunan mutum kafin ta shiga gidansa.

Na biyu, zumuntar mata ta tabbata kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari. In akwai na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti, shi ya fi. In babu, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin. A fara ba majinyaci tun daga gudawar farko, a ci gaba da ba shi a kan hanyar asibiti, mai shan nono kuma kada a cire shi daga nono.

Na uku, rigakafi. Ran da aka kawo jariri majami'a don miƙa shi ga Ubangiji, ba laifi fasto ya tambayi katin allurarsa. A riƙa sanar da ranakun rigakafi daga bagade kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, a kuma bi iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikinmu, domin 'ya'yansu ne suka fi tsallake allura. Haka ma dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin alluran shanu da awaki da kaji, kuma in gidaje ashirin suka haɗa kai suka kira malamin dabbobi rana ɗaya, abin ba ya yi wa kowa nauyi.

Na huɗu, taro da jana'iza. Gawar wanda kwalara ko Lassa ta kashe tana ɗauke da cutar. A bar wa ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a shirya ta, mutane kaɗan su taɓa, waɗanda suka taɓa kuma kada su shiga madafa ko su raba abincin makoki. A manyan tarurrukanmu a daina wanke hannu cikin kwarya ɗaya, a riƙa zuba wa kowa daga buta.

Na biyar, rumbu. A busar da masara sosai a kan tabarma ko tamfol kafin a adana, gama fumfunar da ke kama danshin hatsi tana da dafin da ke lalata hanta. A toshe ramukan ɓera, a sa gari da tsaba a duro ko tulu mai murfi. Sa'an nan daga hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka, ikilisiya ta ware wani kaso ya zama rumbun tsimi, kada a sayar da shi duka a watan Disamba. In Agusta ta zo, daga nan za a auna wa gwauraye da marayu da gidan da ciwo ya kwantar. Manomin da ya kwanta kuma a yi masa gayya a nome gonarsa kafin ciyawa ta rufe ta. Wannan shi ne ɗaukar nauyin juna a aikace.

Kada wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba za su kai ko'ina ba. Waɗanda suka manyanta suna tuna kurkunu, yadda yake ɗaure ƙafar manomi da damina ya hana shi zuwa gona wata biyu ko uku. Da aka yi ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980, an sami mutum fiye da 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa da rijiyoyin burtsatse da 'yan sa-kai na ƙauye aka yaƙe shi, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna bin garuruwa suna roƙon jama'a, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi. Bushiya ma, da allura aka bi garke garke, a 2011 aka sanar da ƙarewarta a duniya baki ɗaya.

Muna kira ga hukuma ta yi nata, ta tsare hanya da gona, ta sa ma'aikata da magani a asibitocin karkara. Amma kafin damina mai zuwa ta kankama, muna roƙon kowane fasto da mai bishara da shugabar zumuntar mata a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su sa wannan magana a taronsu na gaba, su zaɓi ko da abu ɗaya cikin biyar ɗin nan su fara da shi. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin amfaninta. Amin.